HBO: Tashar da ta ƙi talla ta sauya talabijin, da halin da take ciki yanzu

Mene ne ainihin HBO, kuma me ya sa manyan kamfanoni ke rige-rigen mallakarta? Tambayar ta ƙara ƙarfi a ƙarshen 2025, lokacin da Netflix da Paramount suka shiga takarar sayen Warner Bros. Discovery, kamfanin da HBO ke ƙarƙashinsa, kowanne da tayin dala biliyoyi masu yawa. Tun kafin nan ma an sha ruɗani a kan suna. Manhajar kamfanin ta fito a 2020 da sunan HBO Max, aka mayar da ita Max a 2023, sannan a watan Yulin 2025 aka maido mata da sunanta na farko. A wajenmu, yawancin waɗanda suka san haruffan nan uku sun san su ne daga farkon Game of Thrones, inda allo ke yin shuuu kamar akwatin da ya rasa tasha kafin tambarin ya bayyana. Wasu sun ɗauka kamfanin shirya fina-finai ne, wasu sun ɗauka manhaja ce irin Netflix. Asalinta tashar talabijin ce mai hanyar karɓar kuɗi ta daban, kuma kusan duk tasirin da ta yi daga wannan hanyar ya taso.

## Matakai uku na talabijin a Amurka

Akwai abubuwa uku da mu a nan muke haɗawa mu kira su tasha, alhali kowanne da inda yake samun abincinsa.

Na farko su ne tashoshin da ake kamawa kyauta da eriya, irin su ABC da CBS da NBC, sai Fox da ta shigo a 1986. Ba sa karɓar ko sisi daga mai kallo. Masu talla ne ke biyansu, farashin tallan kuma ya dogara da yawan mutanen da ke gaban akwati a lokacin, wanda kamfanin Nielsen ke ƙididdigewa. Da yake ta iska suke watsa shiri, kuma doka ta ɗauki iskar a matsayin mallakin jama'a, hukumar sadarwa ta FCC na da iko a kansu. Daga ƙarfe 6 na safe zuwa 10 na dare ba ashar ba tsiraici, tashar da ta saɓa a ci ta tara.

Na biyu su ne tashoshin da ke zuwa cikin ƙunshin kebul, wato wayar da kamfani ke ja har cikin gida. Nan CNN da ESPN da MTV suke. Suna ci ta baki biyu: suna sa talla, kuma kamfanin kebul yana biyansu wani abu a kan kowane gida duk wata, ko mai gidan ya kalla ko bai kalla ba.

Na uku shi ne matakin HBO, wadda cikakken sunanta Home Box Office ne, da takwarorinta Showtime da Starz. Bayan mutum ya biya kuɗin ƙunshi, sai ya ƙara wani kuɗi na musamman duk wata don a buɗe masa ita. Ba talla a cikin shiri, kuma dokar FCC ta ashar da tsiraici ba ta hau kanta ba, tunda mai gida ne ya nema da kansa ya biya. A tsarin gargajiya kamfanin kebul ne ke tallata ta, ya karɓi kuɗin, ya riƙe kusan rabi, ya miƙa sauran. Wannan na nufin HBO ta yi shekara 40 da ɗoriya ba ta da sunaye da adireshin masu biyanta, domin suna hannun dillali.

Ta fuskar na'ura kuwa, kowane kamfanin kebul yana da cibiya inda yake tara sigina, daga nan ya tura ta cikin wayar jan ƙarfe, da na'urorin ƙara ƙarfi a kan hanya saboda sigina na raunana idan tafiya ta yi nisa. A farkon zamani, hanyar hana wanda bai biya ba kallon HBO ita ce a ɗaura wata ƙaramar matata a kan falwaya, a daidai inda wayar gidansa ta rabu, ta tace zangon tashar. Idan ya biya, ma'aikaci ya hau ya cire. Kowa ya ga raunin wannan dabara, don duk mai tsani da ƙarfin hali zai iya cirewa da dare. Abin da ya kawo dikoda ke nan, wadda ake buɗewa da rufewa daga ofis.

## Gidaje 365

Charles Dolan, wanda ke shimfiɗa kebul a Manhattan ta birnin New York yana tafka asara, shi ya kawo shawarar tashar biya mai nuna fina-finai da wasanni. Kamfanin mujallu na Time Inc. ya zuba kuɗi. Ranar 8 ga Nuwamba 1972 aka fara watsa shiri zuwa gidaje 365 a garin Wilkes-Barre na jihar Pennsylvania, da wasan hoki na ƙanƙara tsakanin New York Rangers da Vancouver Canucks, da kuma fim guda. A 1973 Time Inc. ya karɓe ragama, Dolan ya fita, wani lauya mai suna Gerald Levin ya zama shugaba.

Shekarun farko wahala ce zalla. Ana tura sigina ne ta hasumiyoyi, kowace sai ta hango ta gaba, don haka kai tasha sabon gari na nufin sabon gini da sabon kashe kuɗi. Fina-finan da ke hannu kaɗan ne, ana ta maimaita su, mutum ya yi wata biyu ya ce a yanke masa.

## Tauraron ɗan'adam da damben Manila

Idan za a zaɓi rana ɗaya da HBO ta sauya masana'antar talabijin, to 30 ga Satumba 1975 ce, tun kafin a yi mafarkin wani shiri mai dogon zango. A ranar ta nuna damben Muhammad Ali da Joe Frazier kai tsaye daga Manila ta ƙasar Filifin, karawar da aka yi turmi 14 kafin masu horar da Frazier su tsayar. An kai hoton ta tauraron ɗan'adam zuwa kamfanonin kebul a Fort Pierce da Vero Beach a Florida, da Jackson a Mississippi. Daga nan HBO ta zama tasha ta farko a Amurka da ke rarraba shirinta na kullum ta tauraro. Levin ya shawo kan Time Inc. ya kama hayar gurbi a tauraron Satcom na kamfanin RCA a kan kimanin dala miliyan 7.5, a lokacin da tashar ba ta taɓa cin riba ba.

Lissafin mai sauƙi ne. Tauraron yana nisan kusan kilomita 36,000 a saman tsakiyar duniya, yana juyawa daidai da juyawarta, don haka ga wanda ke ƙasa a wuri ɗaya yake tsaye. An harba masa sigina sau ɗaya, ya watso ta a kan ƙasar gaba ɗaya. Kuɗin kai tasha ga gari ɗaya da kuɗin kai ta ga gari dubu ya zama ɗaya a wajen HBO, abin da ya rage shi ne kowane kamfanin kebul ya kafa farantinsa. Farantan farko manya ne, faɗinsu ya kai mita 10, tsadarsu ta fi ƙarfin ƙananan kamfanoni, sai da FCC ta yarda da ƙanana kafin abin ya bazu.

Da faranti ya tsaya a cibiyar kowane gari yana kallon tauraro ɗaya, duk wanda ya hau tauraron ya samu hanya a buɗe. Ted Turner ya ɗora tasharsa ta Atlanta a Disamba 1976. ESPN ta zo a 1979, CNN a 1980, MTV a 1981. Kebul, wanda aka ƙirƙira a ƙarshen shekarun 1940 don kawai a kai wa mutanen bayan duwatsu tashoshin da eriyarsu ba ta kamawa, ya zama abin da mutanen birni ke nema don yana da abin da babu a iska.

## Kotu, Hollywood da masu faranti a bayan gida

Tashoshin iska ba su zuba ido ba. Tun farko FCC ta sa dokoki don kare su: tashar biya ba za ta nuna fim ɗin da shekarunsa suka wuce 3 amma ba su kai 10 ba, kuma an ƙuntata mata wasannin da aka saba gani kyauta. Hujjar ita ce kada masu kuɗi su kwashe abin da talaka ke kallo ba da biya ba. Hujja ce mai nauyi, kuma tarihin ƙwallon ƙafa a Turai da Afirka ya nuna tsoron ba na banza ba ne. Amma HBO ta kai ƙara, kuma a 1977 kotun ɗaukaka ƙara ta Washington ta soke dokokin. A ƙarshen wannan shekarar tashar ta fara ganin riba.

Sai kamfanonin Hollywood suka farga cewa mai saye ɗaya ne ke yanka musu farashi. A 1980 huɗu daga cikinsu suka haɗa kai da kamfanin mai na Getty don kafa tasu tashar, Premiere, su riƙe fina-finansu na wasu watanni kafin su sayar wa kowa. Ma'aikatar shari'a ta kai su kotu a kan haɗa baki a kasuwa, shirin ya mutu tun kafin ya fara. HBO kuwa ta buɗe ƙanwarta Cinemax a 1980, ta koma watsa shiri awa 24 a 1981, sannan ta haɗu da CBS da Columbia suka kafa kamfanin fina-finai na TriStar.

Wata matsalar ta ɓullo daga karkara. Mutane sun fara kafa manyan farantai a bayan gida suna ɗaukar sigina kai tsaye ba tare da biyan kowa ba. A watan Janairun 1986 HBO ta hargitsa siginarta gaba ɗaya, sai mai dikoda da ya biya. Kasuwar masu sayar da faranti ta faɗi warwas. Ɗaya daga cikinsu, John MacDougall, wanda kuma ke aiki a wata tashar harba sigina a Florida, ya danne siginar HBO na kusan minti huɗu da rabi ranar 27 ga Afrilu 1986, ya sa rubutun ƙorafi a kan kuɗin wata na dala 12.95, da sunan Captain Midnight. An kama shi, aka ci shi tarar dala 5,000. Tsarin kulle sigina da buɗe ta da dikoda, wanda duk mai DStv ko Canal+ ya sani a yau, a wannan zamanin ya kafu.

## Ciwon tashar biya: masu ficewa

Nan ne zuciyar batun. Tashar talla tana tambayar mutum nawa suka kalli wannan shirin a daren jiya. Tashar biya tambayarta dabam ce: mutum nawa ne za su sabunta a ƙarshen wata? Kowane wata wani kaso na ficewa, kuma nemo sabon mai biya ya fi riƙe tsoho tsada.

Fina-finai marasa yanka su ne jarin farko, amma jari ne mai rauni. Shigowar bidiyo da shagunan hayar kaset a shekarun 1980 ya sa mutum na iya ganin fim watanni kafin ya iso HBO, Showtime kuma na sayen irin kayan. Dole tashar ta nemi abin da babu shi a ko'ina sai wajenta. Ta fara da dambe, tun karawar George Foreman da Frazier a Kingston ta Jamaika a 1973, ta bi da zamanin Mike Tyson har da kayen da Buster Douglas ya yi masa a Tokyo a 1990, ba ta bar damben ba sai 2018. Ta ƙara da 'yan barkwanci irin su George Carlin, waɗanda bakinsu bai dace da tashar iska ba, da fina-finan gaskiya na bincike, da fina-finan da ta shirya da kanta tun daga 1983.

Sai dai dambe na dare ɗaya ne. Abin da ke riƙe mutum wata da watanni shi ne labarin da bai ƙare ba. Bayan haɗewar Time da kamfanin fina-finai na Warner a 1990, aka samu Time Warner, musamman daga 1995 da Jeff Bewkes ya zama shugaba, Chris Albrecht kuma ke kula da shirye-shirye, aka karkata kuɗi zuwa shirye-shirye masu dogon zango. Oz ya fito a 1997, Sex and the City a 1998, The Sopranos a Janairun 1999, Six Feet Under da Band of Brothers a 2001, The Wire a 2002. Aka mayar da daren Lahadi dandalin sabon kashi, ana jera su ta yadda zangon wannan na ƙarewa na wancan na farawa, kada a samu watan da mutum zai ce bari in huta.

## Abin da rashin talla ya canza a cikin labari

Hausawa na cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Tashar da ke cin kuɗin mai talla dole ta ba shi abin da yake so: taro mai yawa, da shirin da ba zai ɓata sunan sabulunsa ko motarsa ba. Wannan ya shafi har ginin labari. Shirin awa ɗaya a tashar iska minti 42 zuwa 44 ne, sauran talla. Marubuci na yanka labarin gida huɗu ko biyar, kowane gida ya ƙare da abin ɗaga hankali don kada a canza tasha. Zango ɗaya kashi 22 ne ko sama, ana ɗauka ana nunawa cikin gaggawa. Kowane kashi ana so ya tsaya da ƙafarsa, domin babbar riba na zuwa ne idan shiri ya kai kashi 100 aka sayar wa ƙananan tashoshi suna maimaitawa ba bisa jeri ba. Jarumi kuma dole ya zama mutumin kirki.

A HBO duk waɗannan sharuɗɗan sun faɗi. Kashi na iya zama minti 50 ko 60 gwargwadon buƙatar labari, ba yanka. Zango kashi 10 zuwa 13 ne, sau da yawa an gama rubuta mafi yawansa kafin a kunna kyamara. Ana iya dasa abu a kashi na 2 a girbe shi a na 11. Marubucin da ya ƙirƙiri shirin shi ne mai faɗa a ji.

The Sopranos ya nuna iyakar abin. David Chase ya kai wa tashoshin iska labarin wani uban 'yan daba a New Jersey da ke zuwa wajen likitar ƙwaƙwalwa, suka ƙi. A kashi na 5, jarumin ya shaƙe mutum da hannunsa a tsakiyar tafiyar da ya yi don kai 'yarsa duba jami'o'i. Su kansu shugabannin HBO sun ji tsoron masu kallo za su guje shi, amma aka bari. Shirin ya yi kashi 86, farkon zango na 4 a 2002 ya tara masu kallo sama da miliyan 13, a tashar da yawancin gidajen Amurka ba su da ita. A 2004 ya zama shirin kebul na farko da ya ci kyautar Emmy, babbar kyautar talabijin ta Amurka, ta gwarzon wasan kwaikwayo wanda ba na barkwanci ba. Daga baya tashar A&E ta sayi damar maimaita shi a kan kusan dala miliyan 2.5 kowane kashi.

A ganina The Wire ne ya fi bayyana amfanin tsarin. David Simon, tsohon ɗan jarida a Baltimore, ya ɗauki birnin ya bi shi hukuma-hukuma: 'yan sanda da dillalan ƙwaya, ma'aikatan tashar jiragen ruwa, 'yan siyasar birni, makarantu, sannan gidan jarida. Masu kallonsa ba su taɓa yawa ba, bai ci Emmy ko ɗaya ba, yawancin 'yan wasansa baƙaƙen fata ne da ba a sani ba a lokacin, ciki har da Idris Elba. A tashar talla da wuya ya wuce zango ɗaya. HBO ta bar shi ya yi 5, saboda tsirarun da ke kallonsa ba za su yanke ba muddin yana nan, kuma yabon da jaridu ke yi masa talla ce ga tashar duka.

Sauran tashoshi suka kwaikwaya. FX ta fito da The Shield a 2002, AMC ta ɗauki Mad Men a 2007 bayan HBO ta ƙi shi, ta biyo da Breaking Bad a 2008. Manyan 'yan wasa da daraktocin sinima, waɗanda a da suke ganin talabijin ƙasƙanci ce, suka fara zuwa da kansu. Kuɗin shiri ya yi tashin gwauron zabo. Band of Brothers ya ci kusan dala miliyan 125 a kashi 10. Game of Thrones, wanda ya gudana daga 2011 zuwa 2019 a kashi 73, ya fara da kimanin dala miliyan 6 kowane kashi, ya ƙare da kusan 15, ya kwashi Emmy 59.

## Inda ake sukarta

Babban suka shi ne tsiraici da zubar da jini. Masu kare tashar na cewa labarin manya ne, kuma ba a tilasta wa kowa ba. Masu suka na cewa sau da yawa ana cusa tsiraicin ne don a nuna wa mai biya cewa yana samun abin da babu a tashar kyauta, ko labarin bai nema ba. Wannan sukan yana da gaskiya a ciki, kuma wasu daga cikin 'yan wasan mata sun yi magana a kan matsin da suka fuskanta. A 2018 ne HBO ta wajabta sa ƙwararren mai sa ido a duk inda za a ɗauki irin wannan fitowa, bayan ƙorafin wata 'yar wasa a shirin The Deuce.

Suka na biyu shi ne na gata. Idan shiri mai inganci sai mai kuɗi, an raba jama'a gida biyu. Maganar ta yi zafi a 2015 da aka ƙulla cewa sabbin kashi-kashin Sesame Street, shirin yara da aka kafa don 'ya'yan talakawa, za su fara fita a HBO wata 9 kafin su isa tashar kyauta ta PBS.

'Yancin marubuci ma ba kullum yake haifar da ɗa mai ido ba. Rome ya tsaya a zango 2 saboda tsada. An dakatar da Luck a 2012 bayan dawakai uku sun mutu a lokacin aikin. Vinyl ya lashe kuɗi mai yawa a 2016 aka rufe shi bayan zango ɗaya.

## Netflix, bashi da sauye-sauyen suna

A 2013 HBO ta samu kuɗin shiga kusan dala biliyan 4.9, da ribar aiki kusan biliyan 1.8. A shekarar ce Netflix ta fito da House of Cards, kuma mai kula da shirye-shiryenta Ted Sarandos ya faɗa a fili cewa burinsu su zama HBO kafin HBO ta zama su. Netflix ta ɗauki tsarin biyan wata ba talla, ta cire dillali. Tana da sunan kowane mai biya, ta san abin da ya kalla da inda ya tsaya.

HBO ta makale tsakanin biyu. Idan ta sayar kai tsaye ta intanet, kamfanonin kebul da ke kawo mata kusan duk kuɗinta za su fusata. Manhajar HBO Go ta 2010 ta masu kebul ce kawai. Sai a Afrilun 2015 aka fito da HBO Now a kan dala 14.99 ga wanda ba shi da kebul. A lokacin gidajen Amurka masu biyan kuɗin talabijin, da suka kai kusan miliyan 100, sun fara raguwa. A 2018 Netflix ta zarce HBO a yawan shiga takarar Emmy, abin da ba wanda ya yi cikin shekara 17.

A wannan shekarar kamfanin waya na AT&T ya sayi Time Warner a kan dala biliyan 85. Sabbin iyayen gida suka ce suna son ƙarin awoyin kallo, shugaban HBO Richard Plepler ya ajiye aiki a farkon 2019. AT&T bai daɗe ba ya saki, aka haɗa kamfanin da kamfanin tashoshi na Discovery, aka samu Warner Bros. Discovery a Afrilun 2022 da bashin da ya kai dala biliyan 50. Aka shiga tsuke bakin aljihu, har aka cire wasu shirye-shirye irin su Westworld daga manhajar. Cire sunan HBO a 2023 an yi shi ne don a jawo iyalai da masu son shirye-shiryen girki da gyaran gida. Maido shi a 2025 amincewa ce cewa sunan shi ne kadara mafi daraja.

Abu biyu sun nuna yadda zamani ya juya. Tun Yunin 2021 manhajar tana da mataki mai rahusa da ke ɗauke da talla. Tun 2023 kuma ana ba Netflix hayar tsofaffin shirye-shiryen HBO irin su Band of Brothers da Six Feet Under. Duk da haka tashar ta ci gaba da fitar da aiki mai nauyi, Chernobyl, Succession, The Last of Us, kuma ta riƙe al'adarta ta kashi ɗaya a mako, domin a manhaja ficewa danna maɓalli ɗaya ne, wanda ya samu zango duka a dare ɗaya kuwa ba abin da zai riƙe shi wata na gaba.

## Me ya shafi mai kallo a nan?

A ƙasashe da yawa HBO ba ta buɗe tasha da kanta ba, hayar shirye-shiryenta take bayarwa. A Ingila tashar Sky Atlantic ce ta karɓe su a 2011. A Najeriya da Gana shekaru da dama ta M-Net a kan DStv da manhajar Showmax suka riƙa zuwa, galibi a ƙunshi mai tsada. Su kansu waɗannan kamfanonin 'ya'yan tsarin ne: Canal+ da ake kallo a Nijar da Chadi da Kamaru ta fara a Faransa a 1984 a matsayin tashar biya, M-Net ta fara a Afirka ta Kudu a 1986, kuma a 2025 Canal+ ya karɓi ragamar MultiChoice, kamfanin da ya mallaki DStv da M-Net. Yarjejeniyar haya tana da wa'adi, ana biyanta da kuɗin waje. Duk lokacin da mai HBO ya canza, ko naira ta faɗi, abin na iya bayyana a farashin ƙunshi ko a ɓacewar shiri daga inda aka saba ganinsa. Haɗewar manyan kamfanoni kuma na rage yawan masu sayarwa, wanda ba ya yi wa mai saye daɗi.

Tashar ta taɓo labaranmu wasu lokuta. Sometimes in April na 2005 a kan kisan kiyashin Ruwanda yake, a 2018 kuma ta nuna fim ɗin gaskiya a kan 'yan matan Chibok.

Ga iyaye, magana ɗaya ce ba kwana-kwana: yawancin shahararrun shirye-shiryen HBO na ɗauke da alamar TV-MA, wato na manya zalla. Dikoda da manhaja suna da lambar sirri ta kulle shiri bisa shekaru, a sa ta. Wanda aka tura a waya ko a memori daga shagon masu turi ba shi da wannan kariya, ba alama ba gargaɗi, kuma ta nan ne mafi yawan matasanmu suke samu. Game of Thrones ya yi shekaru a jere yana kan gaba a jerin shirye-shiryen da aka fi saukewa ta ɓarauniyar hanya a duniya.

Masu shirya fina-finan Hausa kuwa tambayar da HBO ta fuskanta ce a gabansu tun da kasuwar faifai ta mutu aka koma masu dogon zango. Shirin da ke YouTube ko a tasha irin Arewa24 kuɗinsa daga talla yake, tsarin kuma yana saka wa yawan kashi da tsawon mintoci, shi ya sa ake jan labari, ake kuma sa tallan kaya a tsakiyar fitowa. An gwada manhajojin biya irin su Northflix. Abin da tarihin HBO ya nuna shi ne tsarin biya na buƙatar abu huɗu a lokaci guda: hanyar karɓar kuɗi mai sauƙi, hanyar kulle shiri daga wanda bai biya ba, sabon abu duk mako da babu shi a wani wuri, da mai jarin da zai jure asara. HBO ta yi shekara 5 tana asara da kuɗin Time Inc. a bayanta. A nan kuma akwai ƙarin nauyin da ita ba ta ɗauka ba a farkonta: mai kallo zai sayi data da kuɗinsa kafin ma ya biya kuɗin shirin, sannan kashin da aka saki da dare yakan isa shagon masu turi kafin gari ya waye.